Dalilin da ya sa tsoffin na'urorin ƙara ji masu bawul suke da batir biyu

Malam, ka tambayi abin da ya sa na'urorin ƙara ji masu bawul na farko suke da nauyi har da batir biyu. Amsar tana cikin bawul ɗin kansa, wato ƙaramar kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, wadda ba ta ƙara ƙarfin sauti sai siririyar wayar da ke ciki ta yi zafi. Batir ɗaya, mai kimanin bolt 1.5, aikinsa ɗumama wayar, kuma shi ne mai saurin ƙarewa; na biyun, mai bolt 22.5 ko fiye, shi ke ba da ƙarfin da ake ɗaga sauti da shi.

Na'urar ƙara ji mai bawul da ake kira Vactuphone, ta injiniya Earl Hanson, wadda ta fito a Amurka a 1921, akwati ce mai nauyin kusan kilo 3. A ƙarshen shekarun 1930 bawul ya ƙanƙance har ana saka na'urar a aljihu, amma batiran suna cikin wata jaka daban da ake ɗaurawa a jiki. A ganina wahalar ta cancanci a jure ta, domin na'urorin da suka gabace su, masu makirufo mai ƙwayoyin gawayi (kabon) a ciki, ba su wadatar da mai tsananin raunin ji ba.