Hukuncin Ɗaukar Fim a Kan Gawawwakin Mahaya Tsaunuka

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, sana'ata fassara shirye-shiryen bidiyo na labarin gaskiya zuwa Hausa, ina ɗora su a YouTube, kuma da ɗan abin da nake samu nake riƙe iyalina. Kwanan nan na fara aiki a kan shirye-shiryen da ake bin masu neman gawawwakin mutanen da suka ɓata a manyan tsaunuka irin su Everest da K2. Na lura masu kallo sun fi tururuwa idan hoton gawar na saka a fuskar bidiyon. Yawancin mamatan ba Musulmi ba ne, wasu ma sun shekara aru-aru a ƙanƙara. Mene ne hukuncin ɗaukar irin wannan fim, da fassara shi, da cin kuɗinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa, da ka tsaya ka tambaya tun kafin kasuwa ta buɗe maka, domin tambaya bayan an ɗanɗani riba ta fi wuyar yi.

Malaman zamani sun yi saɓani a kan hoton bidiyo shi kansa, kuma ni ina tare da waɗanda suke ganin hukuncinsa yana bin abin da aka ɗauka ne. Saboda haka ba da labarin wanda ya ɓata, da nuna yadda aka fita nemansa, da jin ta bakin iyalinsa idan sun yarda, duk halal ne. Wani lokaci ma shari'a tana buƙatar wannan shaida, domin a mazhabar Malik matar wanda ya ɓata a ƙasar Musulunci takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda Umar ɗan Haɗɗabi ya hukunta, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an tabbatar da mutuwarsa ko an kai shekarun da irinsa ba ya wucewa. Hoton da zai tabbatar wa alƙali da magada cewa wane ya rasu yana ɗauke wa mace da marayu wahalar shekaru. Amma wannan hoto na alƙali ne da iyali, buƙatarsa tana ƙarewa a hannunsu, kuma abin da lalura ta halatta iyakarsa iyakar lalurar.

Inda magana take shi ne lokacin da kyamara ta iso kan gawar. Allah yana cewa a Suratul Isra'i, aya ta 70, lalle ya girmama 'yan Adam, bai ce Musulmi kaɗai ba, kuma a Suratu Abasa ya lissafa sanya mutum a kabari cikin ni'imomin da ya yi masa. Darasin farko da ɗan Adam ya koya game da mamaci, wanda hankaka ya koya masa a Suratul Ma'ida, shi ne yadda zai rufe al'aurar ɗan'uwansa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma malamai sun fahimci cewa alfarmar mutum ba ta faɗuwa da fitar ransa. Game da waɗanda ba Musulmi ba kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa ta Bayahude ce sai ya ce, "Shin ba rai ba ce?" Haka nan ya umarci Aliyu ya je ya binne mahaifinsa Abu Ɗalib. Don haka hujjar cewa mamatan Turawa ne ko 'yan Nepal ba ta buɗe maka wata ƙofa ba.

Duk wanda ya taɓa shiga wankan gawa ya san yadda muke yi. Ana kewaye wurin, a sallami kowa sai mai wanka da mai zuba masa ruwa, a shimfiɗa zane daga cibiya zuwa gwiwa, mai wanka ya naɗe hannunsa da ƙyalle ya wanke ta ƙarƙashin zanen ba tare da ya ɗaga ba, kuma idan ya ga wani abin ƙi a jikin mamaci, da shi zai shiga nasa kabarin bai faɗa wa kowa ba. Hakim ya ruwaito falala mai girma ga wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri. To, idan shari'a ta taƙaita idon mutum biyu da suke yi wa gawa hidima, yaya za ta sake wa idon miliyoyin da ba abin da ya kawo su sai son kallo? A ranar Uhudu, lokacin da Safiyya ta taho neman ɗan'uwanta Hamza, Annabi (SAW) ya tura ɗanta Zubairu ya tare ta don kada ta ga abin da aka yi wa gawarsa. Shi kuwa bidiyo, da zarar ya hau intanet babu Zubairun da zai tare uwa ko 'ya daga cin karo da shi.

Wannan ba zato ba ne, ya riga ya faru. George Mallory da Andrew Irvine, 'yan Birtaniya, sun ɓata a Everest ranar 8 ga Yuni, 1924. A ranar 1 ga Mayu, 1999, bayan shekara 75, wata tawaga ta tsinci gawar Mallory a sama da mita 8,100, yana kife, iska ta yayyage tufafin bayansa, fatarsa ta yi fari fat, ƙafarsa a karye. Sun laluba aljihunsa, sun rufe shi da duwatsu, wanda yake abin yabo ne, amma sai hotunan gawar suka shiga kasuwar jaridu, iyalinsa suka nuna ɓacin ransu, har Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar dutsen a 1953, ya yi tir da abin. Rufewar da aka yi masa da duwatsu ba ta hana komai ba, tunda hoton ya ci gaba da tone shi kullum. A Satumban 2024 kuma wata tawagar masu ɗaukar fim ta tsinci takalmi da ƙafa a ciki, da safa mai ɗauke da sunan Irvine, suka sanar da danginsa kafin duniya ta ji. Sanar da dangi tun farko shi ne daidai, kuma labarin ya isar da kansa ta hanyar sunan da ke jikin safar, ba a buƙatar fiye da haka. Akwai kuma gawar da ta daɗe a wani kogo a hanyar arewa ta dutsen tun 1996, wadda mahaya suka laƙaba wa suna da launin takalminta, suka mai da ita alamar hanya. Mai wannan gawa ɗan wasu ne, yana da sunan yanka, kuma ban halatta maka ka kira shi da laƙabin takalmi don jan masu kallo ba.

Wani zai ce ai ganin gawa wa'azi ne. Gaskiya ne an umarce mu da yawaita tuna mutuwa da ziyarar maƙabarta, amma ba a taɓa umartarmu da buɗe kabari don mu wa'aztu ba, kuma kai da kanka ka faɗi dalilin da ya sa ake saka hoton a fuskar bidiyo. Wanda ya saba ganin gawa tsakanin talla da talla, zuciyarsa bushewa take yi. Irin wannan bushewar ce ta sa a yau idan mota ta kife, wasu wayarsu suke fara zarowa kafin su miƙa hannu.

Akwai ɓangaren da masu kallo ba su cika tunawa da shi ba, kuma a wurina ya fi na hoton nauyi, wato ran masu ɗauko gawar. Everest ya kai mita 8,849, K2 kuma 8,611, kuma daga mita 8,000 zuwa sama iskar da mutum yake shaƙa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba, shi ya sa ake kiran wurin yankin mutuwa. Gawa takan daskare ta manne da dutse, sai an sare ta da gatari, nauyinta ya ƙaru saboda ƙanƙara, sannan mutane da yawa su yi ta jan ta da igiya a inda ɗaga ƙafa ɗaya ma aiki ne. Masu wannan aiki galibi 'yan ƙabilar Sherpa ne a Nepal da 'yan dakon Baltistan a Pakistan, talakawa masu neman abin kai wa gida. A 1984 'yan Nepal biyu sun mutu wajen ƙoƙarin sauko da gawar Hannelore Schmatz, Bajamushiyar da ta rasu a Everest a 1979. Binne mamaci farilla ce ta kifaya, amma tana rataye da iko, Allah kuma ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka. Alfarmar rayayye tana gaba da ta mamaci. Idan masana hanyar suka rinjayar da cewa za a iya saukowa da shi lafiya, ya halatta, domin Malikiyya sun yarda a ɗauke gawa zuwa wani wuri saboda maslaha, kamar a binne shi kusa da danginsa, da sharaɗin kada a keta alfarmarsa, sahabi Jabir ma ya sauya wa mahaifinsa kabari bayan wata shida. Idan kuwa haɗarin ya rinjaya, sai a rufe shi a inda yake gwargwadon iko, kamar yadda wanda ya rasu a jirgin ruwa nesa da tudu ake yi masa sutura da salla a sa shi a teku. Mai fim da ya zuba kuɗi don a yi aikin da ba don kyamararsa ba da ba a yi shi ba, ko ya sa aka jinkirta a yankin mutuwa don ya sami hoto mai kyau, yana da kaso a alhakin duk ran da ya salwanta.

Abin da ya faru a K2 ya isa misali. Muhammad Ali Sadpara, mahayin tsauni ɗan Pakistan, ya ɓata tare da abokan tafiyarsa biyu ranar 5 ga Fabrairu, 2021. Ɗansa Sajid, wanda yake tare da su ya juyo saboda na'urar iskarsa ta samu matsala, ya koma a watan Yuli, tare da mai ɗaukar fim a cikin tawagarsa, aka ga gawar, ya janye mahaifinsa daga kan hanyar mahaya zuwa kusa da zango na huɗu na mahaya dutsen, ya rufe shi da ƙanƙara ya yi masa addu'a. Abin da ya yi shi ne fiƙihun mas'alar, kuma idan an rasa mai yi wa irin wannan mamaci salla a inda yake, Shafi'i da Ahmad sun halatta sallar ga'ib, ko da yake Malikiyya ba sa yin ta. A Yulin 2023 kuma wani ɗan dako, Muhammad Hassan, ya faɗi a wata mashiga mai haɗari ta K2 da ake kira Wuyan Kwalba, inda daga baya ya rasu, ƙaramin jirgi mai kyamara ya ɗauki mahaya suna tsallake shi suna neman ƙololuwa. Wannan hoto, da yake daga nesa ne kuma shi ya jawo bincike a kan yadda ake tura 'yan dako ba isassun kayan sanyi, ina ganin nuna shi don tona zalunci yana da fuska a shari'a, matuƙar ba a kusanto da fuskarsa ko halin fitar ransa ba. An sauko da gawarsa a 2024 aka kai wa iyalinsa. Sai dai ka kiyaye harshenka wajen fassara, kada ka yanke wa wani mahayi hukuncin kisa bisa daƙiƙoƙin bidiyo, kada kuma ka zagi mamatan da cewa su suka kai kansu, domin Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Game da sana'arka, ka ci gaba da ita, amma ka yanke duk inda aka nuna fuskar mamaci, ko tsiraicinsa, ko gaɓoɓinsa da suka lalace, ka maye gurbinsu da hoton dutsen, ko taswirar hanya, ko hotonsa yana raye idan iyalinsa ne suka fitar da shi. Dusashe hoton ya wadatar idan ba za a gane siffar jikin ba. Yardar dangi tana halatta ba da labari, amma ba ta halatta nuna al'aura, domin wannan haƙƙin mamaci ne da haƙƙin Allah, ba gadon da magada za su yafe ba ne. Shirin da ka san iyalin sun ƙi amincewa da shi, ka bar shi gaba ɗaya, haka ma wanda masu shi ba su ba ka izinin fassarawa ba. Kuɗin da ka samu ta labari mai tsabta halal ne. Bidiyoyin da ka riga ka ɗora da gawa a fuskarsu kuwa, ka sauke su yau ko ka gyara su, ka nemi gafarar Allah, kuma abin da ka ƙiyasta hoton gawar ne ya jawo maka shi, na fi so maka ka fitar da shi sadaka, ko da ta sayen likkafani ne ga wanda ya rasu ba shi da mai yi masa sutura a unguwarku.

Wallahu a'alam.