Filin Tambayoyinku: Me zane zai tsinana wa waɗanda yaƙi ya ci?

Tambaya: Malam, na sha jin ana cewa masu zane suna taimakawa wajen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Shin fenti da ƙyalle za su iya wannan aiki, alhali ga littattafan tarihi? Daga wata mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Malama, tarihi yana ƙirga gawawwaki, amma ba kasafai yake nuna wa mutum fuskar uwar da aka kashe wa ɗa ba. Misalin da ya fi shahara shi ne zanen Gernika na Pablo Picasso, mai zane ɗan ƙasar Sifaniya. A ranar 26 ga Afrilu, 1937, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya, masu mara wa Janar Franco baya a yaƙin basasar Sifaniya, suka yi wa garin Gernika na ƙabilar Basque ruwan bama-bamai, kuma ranar Litinin ce, ranar da kasuwar garin ke ci. Cikin 'yan makonni Picasso ya kammala zane mai tsawon kusan mita 8, aka baje shi a birnin Faris a wannan shekarar.

Idan kin ƙura masa ido, ba za ki ga jirgi ko bam ba, kuma babu launi sai baƙi da fari da ruwan toka. Akwai wata mata rungume da gawar jaririnta, ta ɗaga kai sama tana kururuwa, ga doki ya wage baki don azaba, ga wani mayaƙi kwance riƙe da karyayyen takobi. A ganina, rashin nuna maharan ne ya sa duk wanda yaƙi ya taɓa shafa yake ganin garinsu a ciki.

Da Franco ya ci yaƙin ya kafa mulkin kama-karya, Picasso ya ce kada a kai zanen Sifaniya sai an dawo da mulkin 'yanci, don haka ya zauna a New York har 1981, shekara shida bayan mutuwar Franco. Yanzu yana gidan tarihi na Reina Sofía a Madrid. Akwai kwafinsa da aka saƙa, rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a watan Fabrairun 2003, lokacin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na wancan lokacin, ya je neman goyon bayan yaƙin Iraki, sai aka lulluɓe shi da shuɗin labule.