Likita Ya Amsa: Taifod, Gubar Dalma, Allurar Maleriya da Sabon Irin Masara

Tambayoyin wannan makon tushensu ɗaya ne. An ji wata magana a majalisa ko a WhatsApp da ta saɓa wa abin da hukuma ke faɗa, ana so a san wa ke da gaskiya. Akwai inda masu gardamar suka yi kuskure, akwai kuma inda suka fi mu ma'aikatan lafiya gaskiya.

Daga wata malamar makaranta a Birnin Kebbi: Likita, duk wata biyu ko uku sai na yi zazzaɓi, kuma kullum sakamakon gwaji ɗaya ne, maleriya da taifod. Yayana ya ce yawancin taifod ɗin nan ƙarya ce. Haka ne?

Malama, yayanki bai yi nisa da gaskiya ba. Taifod cuta ce ta gaske, tana kisa, amma yawancin wanda ake rubuta wa mutane a takarda ba shi ba ne. Gwajin da ake yi miki sunansa Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, alamar da garkuwar jiki ta bari yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifod shekarun baya, ko ya tashi a inda ruwan sha ba shi da tsafta, gwajin zai iya nuna 1:80 ko 1:160 alhali lafiyarsa ƙalau. Ita kanta maleriya takan ɗaga shi. Shi ya sa kike ganin su biyun kullum tare.

Taifod na gaske ba ya zuwa kwana biyu ya tafi. Zazzaɓi ne da ke ƙaruwa kullum har mako guda ko fiye, da ciwon kai, da ciwon ciki, da taurin bayan gida ko zawo, idan aka yi sakaci kuma a mako na uku hanji na iya hujewa. Hanyar tabbatar da shi ita ce a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki, kuma kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Manyan asibitoci ne ke yin wannan.

Illar abin da ake yi miki biyu ce. Ta farko, shan ciprofloxacin ko allurar ceftriaxone duk bayan wata biyu na koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. A Pakistan tun 2016 suke fama da wani taifod da ba ya jin yawancin magungunan nan. Ta biyu, ainihin abin da ke damunki ba a neme shi ba. A duba fitsarinki, a duba yawan jininki, idan akwai tari ko rama a duba tarin fuka, a kuma duba ciwon hanta. Maleriyar ma a lura: gwajin nan na gaggawa da ake tsira yatsa yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. Kuma maganin artemether-lumefantrine sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara. Wadda ta sha sau huɗu ta ji sauƙi ta ajiye, zazzaɓin zai dawo mata, sai a ce taifod ne.

Daga wani mai haƙar zinare a Anka: A wajen aiki ana cewa maganar gubar dalma dabara ce ta raba talaka da zinarensa. Mu ga mu muna aiki lafiya, kuma muna shan madara don ta wanke gubar. Me za ka ce?

Malam, wannan gardamar kam ba ta da madafa, domin kaburburan suna nan. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai aka yi wa magani. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Dalilin da ya sa kai kake ganin kana lafiya shi ne ba jikinka ne ya fi shan wahala ba. Dutsen da ake haƙowa a yankinku na ɗauke da dalma mai yawa. Idan aka kawo shi gida aka daka a turmi, ko aka niƙa a bushe a injin niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a cikin kwanon abinci. Yaro mai rarrafe hannunsa kullum daga ƙasa sai baki, kuma hanjinsa na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, balle in cikinsa ba komai ko yana da ƙarancin jini. Idan ta yi yawa sai amai, ciwon ciki, kasala, sannan jijjiga da suma, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba. Idan ba ta kai haka ba, babu alamar da ido zai gani, sai dai yaro ya taso da nauyin fahimta, kuma wannan ba ya gyaruwa. Mai ciki tana miƙa wa ɗan da ke cikinta. Kai ma ba ka tsira ba, sai dai naka a hankali yake zuwa: hawan jini, ciwon ƙoda, raunin haihuwa.

Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalma. Abin da ke nuna gaskiya gwajin jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga mikrogiram 5 a kowace desilita ta jini a nemo inda gubar ke shiga a toshe. Daga 45 zuwa sama yaro na bukatar maganin da ke kamo dalma ya fitar ta fitsari, succimer, wanda akan ba da na kwana 19, wani lokaci a maimaita. Amma in an yi maganin aka mayar da yaro gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin banza aka yi. Shi ya sa a waɗancan ƙauyukan sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Inda na yarda da abokan aikinka shi ne batun haramci. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019 saboda tsaro, ta ɗage a Disambar 2024. A ganina hani kaɗai ba ya kare yaro. Mutumin da ba shi da wata sana'a ba zai daina ba, ɓoyewa zai yi, kuma ba inda ya fi sauƙin ɓoye buhun dutse kamar cikin gida. Abin da ke aiki shi ne wurin sarrafawa a wajen gari, niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, wanka da sauya kaya da takalmi kafin a shiga gida, hana yara zuwa wurin, da kada a zuba hatsi a buhun da ya ɗauki dutse ko a yi tubali da ƙasar da aka wanke. Zaibar da kuke ƙonawa don ware zinare ita ma guba ce dabam, hayaƙinta na lalata ƙwaƙwalwa, kada a ƙona ta a ɗaki. Tunda maganar ta zo, tozalin dutse da ake ranɗa wa jarirai shi ma yawanci dutsen dalma ne.

Daga wata uwa a Argungu: An ce a kai ɗana mai wata biyar allurar maleriya. Maigidana ya ce me ya sa aka fara da Kebbi, in ba gwaji ake yi da 'ya'yanmu ba? Ya tuna abin da ya faru a Kano.

Hajiya, tsoron maigidanki yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma a tuna da ɗaya ɓangaren. Wannan tsoron ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, yara suka nakasa.

Allurar da ake magana ta rigakafin maleriya ce, sunanta R21. Jami'ar Oxford ta Ingila ce ta samar da ita, ana haɗa ta a Indiya, an gwada ta a kan dubban yara a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2023. An fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Dalilin zaɓen Kebbi a fili yake: binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, mafi yawa a Najeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne.

Sau 4 ake yi: wata 5, wata 6, wata 7, sai wata 15. Zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi a wurin allurar ba abin tsoro ba ne, paracetamol daidai nauyin yaro ya isa. Inda masu yayata ta ke wuce gona da iri shi ne idan suka sa uwa ta ɗauka ɗanta ya gama da maleriya. A inda ta fi yin aiki ta rage kamuwa da kimanin kashi 75 cikin 100 a shekarar farko, kuma ƙarfinta na raguwa, shi ya sa ta huɗun ke da muhimmanci. Don haka gidan sauro na nan, maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 da damina shi ma a ci gaba, a kuma cika kwana ukun kowane zagaye. Yaro ya yi zazzaɓi, a gwada shi cikin awa 24 ko da an yi masa allurar.

Daga wani magidanci a Gusau: An kafa ƙarfen sabis a bayan gidana. Gaskiya ne yana jawo ciwon daji?

Alhaji, babu hujjar hakan. Igiyar da yake fitarwa dangin ta rediyo ce, ba ta da ƙarfin lalata ƙwayar halitta irin na hoton ƙashi na asibiti, kuma babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga alaƙa tsakanin wayar hannu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya cancanci kokenka shi ne janaretan da ke gindinsa: hayaƙin dizal, ƙara da daddare, da man da kan tsiyaya kusa da rijiya.

Daga wani manomi a Zuru: Ana cewa sabon irin masara da wake da aka sauya wa halitta na sa rashin haihuwa da sankara. In shuka ko in bari?

Baba, irin waken sunansa SAMPEA 20-T, an fitar da shi a 2019, masarar kuma TELA, a Janairun 2024, dukansu daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. An sa musu wani sinadari daga ƙwayar halittar da ke cikin ƙasa, Bt, wanda ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake da karan masara. Yana aiki ne a cikin tsutsa domin akwai inda yake maƙalewa a hanjinta, hanjin mutum ba shi da wannan wurin, narkar da shi yake yi. Tun 1996 ake cin irin waɗannan amfanin gona a wasu ƙasashe, ba a tabbatar suna hana haihuwa ko sa sankara ba.

Masu adawa suna da gaskiya a wani wuri, amma na kasuwa ne da tsari. Masarar TELA aure ce, in kun ajiye iri daga gonarku baɗi ba zai ba da yabanya irin ta bana ba, sai kun sake saye. Kuma haƙƙin mai saye ne a rubuta masa abin da yake saye. Wannan ku ne za ku auna da aljihunku.

A matsayina na likita, abin da ya fi tayar min da hankali a rumbunku guda biyu ne. Na farko fumfunar da ke kama masara da gyaɗa idan ba su bushe sosai ba, tana fitar da gubar aflatoxin da ke jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Na biyu fiya-fiya da ake yayyafa wa wake don ƙwari, wanda saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan ta Phostoxin da ake jefawa a buhu kuwa iska mai kisa take fitarwa, kada a taɓa ajiye buhun a ɗakin da mutane ke kwana.

Ku shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, ku tsince masu baƙi da ruɓaɓɓu, kada kuma a ba kaji ko shanun tatsa. Don gane ko hatsi ya bushe, ku zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ku rufe ku girgiza, ku bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. In ya bushe, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a duba ba huji, a matse iskar, a ɗaure kowace leda dabam sannan buhun waje, a ɗora a kan katako nesa da bango da ɓera. Ƙwarin da ke ciki rashin iska ne zai kashe su, ba sai an sa magani ko ɗigo ba.