Tsinke huɗu, ba ɗinki

Ka ce don me na hana ka saƙa safa a shimfiɗe da tsinke biyu ka ɗinke bayanta, alhali ka ga Turawa na yin haka a waya. Yaro, Turawan ma a hannun wasu suka gani.

Tsofaffin safunan saƙa da aka tono na Masar ne, na auduga, fari da shuɗi, tun wajen ƙarni na 11, kuma a zagaye aka saƙa su. A Sifaniya, a gidan ibadar Las Huelgas kusa da Burgos, an buɗe kabarin yarima Fernando de la Cerda da ya mutu a 1275, aka tarar da rigar matashin kai ta siliki, idon saƙa kusan 20 a inci guda, ga kalmar "baraka" da rubutun Larabci a gefenta. Masana na ganin aikin Musulmin Andalus ne. Wajen 1400 wani mai zane a Jamus, Bertram, ya zana Nana Maryamu tana saƙa wuyan riga, tsinke huɗu a hannunta.

Sau ɗaya tak na saki wannan hanya ta saƙa a zagaye da tsinke huɗu. Wani ɗan kwangila ya zo mini ana gab da hunturu, yana son safa ƙafa 80 ta 'yan makarantar kwana cikin mako uku. Na ce ba za ta yiwu ba. Da bakinsa ya ce in yi a shimfiɗe in ɗinke, yara ne, wa zai duba? Ya ba da kafin alƙalami, na ci bashin zare, muka hana idonmu barci. Bayan wata guda sai ga shi da buhu, ya zazzage mini a ƙofar shago. Ɗinkin ya goge wa yara dunduniya, wasu safunan sun ɓarke tun daga diddige har ƙwauri. A gaban mai unguwa ya rantse bai taɓa cewa a ɗinke ba. Ƙafa 50 ya dawo da su, sauran 30 har yau ban ga kuɗinsu ba. Kekena na sayar na biya mai zare. In na hango shi a kasuwa har yanzu sai raina ya ɓaci.

Ku yaran yanzu so kuke ku fara da hantsi, kafin azahar kun ɗauki hoto kun watsa. Yadda ake raba ido a kan tsinke kuwa kada ka tambaye ni, wata shida kana zaune kusa da ni. Warware wadda ka fara, gobe in ga dunduniyar kafin ka wuce ta.