Tambayi Likita: Ƙafar yaro, acha, koren dankali da waken da aka zuba wa magani

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abinci suke, kuma galibinsu daga nan cikin Jos. Na zaɓi biyar. Wasu daga cikin amsoshin masananmu na gida ne suka gano su, har da binciken da aka yi a cikin garin nan, sai dai labarin bai kai tsakar gida ba, inda ake girkin.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana shekararsa uku, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, wuyan hannunsa ya yi kauri, kuma ba ya son tafiya, kullum sai a goya shi. Surukata ta ce don mun tsayar da shi da wuri ne, mai kemis kuma ya ce rashin bitamin D ne. Wanne zan kama? Daga wata uwa, Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. A gaishe da Mama, amma tsayar da yaro da wuri ba ya lanƙwasa ƙafa. Yara da yawa kan fara tafiya da 'yar lanƙwasa, ta miƙe da kanta wajen shekara biyu. Wanda ya kai uku, ga kaurin wuyan hannu, ga ƙin tafiya, abin da muke zargi shi ne laushin ƙashi.

Mai kemis ya faɗi abin da ke cikin littattafai. A ƙasashen sanyi, inda rana ke wuyar gani, ƙarancin bitamin D ne ke kawo wannan ciwo, domin da hasken rana fatar mutum ke haɗa shi. To yaranmu da ke wuni a rana fa, me ya kai su? Wannan tambayar ce ta sa Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, aka buga sakamakon a 1999 a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka. Yara 123 masu ciwon suka raba gida uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai (sinadarin da ke gina ƙashi), wasu duka biyun. Bayan makonni 24, kusan 60 cikin ɗari na waɗanda suka sha kalsiyam ƙashinsu ya kama hanyar warkewa, amma a cikin 'yan bitamin D kaɗai 19 cikin ɗari ne. Da aka auna abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 ba, alhali ana so ya haura 500.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da an yaye yaro, sai koko da safe, tuwon masara da dare, madara kuwa ta zama ta masu hali. Masara ba ta da kalsiyam ɗin kirki, kuma akwai wani sinadari a cikinta da ke riƙe ɗan abin da aka samu ya hana hanji tsotsa. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami, yana rage wannan.

Ki kai shi asibiti a ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, a yi gwajin jini, don akwai wasu cututtukan ƙashi da na ƙoda masu kama da wannan. In an tabbatar, za a ɗora shi kan kalsiyam na watanni, yawanci tare da bitamin D, domin binciken da aka yi daga baya ya nuna haɗin ya fi. Ƙashin kan yi ƙwari cikin watanni, miƙewar ƙafa ce ke ɗaukar lokaci, har ta wuce shekara, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar tiyata. A gida ki riƙa ba shi kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara, miyar kuka, zogale da riɗi. Ki samu busasshen kifi ki daka shi lukui tare da ƙayarsa, ki tankaɗe, ki riƙa zuba cokali a abincinsa. Wannan ma a Jos aka gwada shi, kuma ya yi aiki. Ina roƙonki kada ki bari a ɗaure masa ƙafa ko a yi masa tsaga. Ki duba ƙafafun ƙannensa ma, tunda tukunya ɗaya suke ci.

Tambaya: Likita, mahaifina yana da ciwon suga. An ce mana acha maganinsa ce, shi ne ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma cin acha safe da yamma. Hakan ya yi? Daga wani ɗalibi, Bukuru.

Amsa: Bai yi ba, ƙanena, kuma yau ɗin nan nake so ka lallashi Baba ya koma kan maganinsa. Acha abinci ce mai kyau, ba na ja da wannan. Tana da wasu sinadaran gina jiki da masara da shinkafa ba su da su da yawa, kuma Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja tana cikin masu aikin inganta irinta. Amma hatsi ce, mafi yawanta sitaci ne, kuma sitaci suga yake komawa a jini ko daga wane hatsi ya fito. Babu binciken da ya nuna tana warkar da ciwon suga.

Yadda aka dafa ta da yawan da aka ci su ne ke raba gardama. Kunun acha mai laushi, balle an sa sukari, nan da nan yake ɗaga suga. Gwaten da aka cika da alayyahu, yakuwa, kabeji da ɗan wake ya fi shi nesa ba kusa ba. In kuna da na'urar gwaji a gida, ku auna kafin ya ci, ku sake aunawa bayan awa biyu. Ga yawancin masu ciwon ana so kada ya wuce 10, ko 180 in na'urarku mai manyan lambobi ce. Ku rubuta a takarda, ku tafi da ita ranar ganin likitansa.

Tambaya: Na sayi kwandon dankalin Turawa a Farin Gada, bayan kwanaki wasu suka yi kore suka fara tsiro. Za a iya ci? Daga wata amarya, Rikkos.

Amsa: Amarya, koren alama ce cewa haske ya taɓa shi, kuma inda ya yi kore nan wata guba mai ɗaci da ake kira solanin ke taruwa, musamman a ɓawo da tsiron. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana sa amai, gudawa da murɗar ciki, kuma ta fi kama yara. In koren kaɗan ne, ki fere da kauri ki ƙwaƙule idon. In ya shiga ciki, ko dankalin ya yamushe, ko kin ji ɗaci, ki zubar. Ki riƙa ajiye shi a wuri mai duhu da iska. Manoman Bokkos da Mangu kan shanya dankalin iri a rumfa mai ɗan haske da gangan, don ya yi gajeren tsiro mai ƙarfi, kuma masana na goyon bayan hakan. Wannan na shuka ne, in ya ɓullo kasuwa da araha kada ki saya don tukunya.

Tambaya: Ina sayen wake da kaka in ajiye. Abokan sana'a suna yayyafa Sniper don ƙwari. Ni hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron asara. Daga wani ɗan kasuwa, Katako.

Amsa: Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya. Sinadarin da ke cikin wannan kwalba, dikulobos, guba ce mai taɓa jijiyoyi, ba a yi shi don a zuba kan abin da mutum zai ci ba. Shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da Turawa suka ƙi, mu da 'ya'yanmu ne ke cinye shi a ƙosai da alala. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa, amma ba su da tabbas.

Mafita tana nan, kuma ba ta buƙatar ko ɗigon magani. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ka busar da waken sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su ƙarar da iskar da ta rage su mutu. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma yana yin wannan aiki, muddin an cika shi taf. Ka kiyaye ɓera kawai, don huji ɗaya ya ɓata komai.

Wanda ya ci abinci ya fara dalalar da yawu, gumi, amai da sarƙewar numfashi, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura masa manja ko madara, yana iya shaƙewa ya wuce huhu.

Tambaya: Likita, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Nakan sayi gyaɗar da ta ɗan yi baƙi ko ta farfashe saboda ta fi sauƙi, tunda ai suya za a yi. Wata maƙwabciya ta ce tana kawo ciwon hanta. Gaskiya ne? Daga wata mai sana'a, Gangare.

Amsa: Gaskiya ta faɗa miki, Hajiya, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk na yau. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara tun a gona, ta ƙaru in an tara su da danshi. Tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Irin wannan mutuwar farat ɗaya ba ta cika faruwa ba. Abin da muka fi gani shi ne ta kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ta kai ga kansar hanta. Mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B haɗarinsa ya ninka sau da yawa, kuma masu ita ba kaɗan ba ne a cikinmu. Ana kuma danganta gubar da tsumburewar yara.

Suya ba ta kashe ta, kuma in an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙulin da yara ke saye a ƙofar makaranta. Ki sayi gyaɗa mai kyau ko da ribar za ta ragu. Ki baza ta a faifai ki tsince baƙa, yamutsattsa, mai huji da mai ɗaci, domin a 'yan ƙwayoyin nan gubar ta fi taruwa. Buhu kuma a ɗora shi kan katako, nesa da bango.

In kina da manomin da kike saye a hannunsa, ki yi masa maganar Aflasafe. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi: ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, makonni biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure, sai ta riga mai gubar kama wuri. Gwaje-gwajen gonaki sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Ke da iyalinki ku je a gwada ku cutar hanta, wanda ba shi da ita ya yi allurar rigakafi. Gyaɗar da kika tsince kuma kada ki ba saniyar tatsa ko akuya, don gubar tana fitowa a nono. A haƙa rami a binne ta.