Hukuncin Ƙirƙirar Mayaudari a Gajeren Labari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta gajerun labarai. A wanda nake kai yanzu akwai wani mai son kansa da ya yaudari marayun ɗan'uwansa ya cinye gadonsu. Ƙawata ta ce ƙagaggen labari ƙarya ne, haramun ne. Gaskiya halin baffana na ɗauka, har yadda yake jan carbi yana rantsuwa, suna kawai na canza. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ambaton yaudara a labari ba laifi, ga 'yan'uwan Annabi Yusuf da riga mai jinin ƙarya.

Maganar ƙawarki kuwa akwai malaman da suka tafi a kanta, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawuda da Tirmizi: bone ya tabbata ga wanda yake ba da labari yana ƙarya don ya sa mutane dariya. Ni dai ban ga hujjar ta zauna ba. Ƙarya ita ce ka gaya wa mutum abu ya auku alhali bai auku ba, ya ɗauka da gaske. Wanda ya buɗe labarinki kuwa ya san ƙage ne tun daga layin farko, to wa aka ruɗa? Hariri, marubucin Larabci wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya rubuta maƙama 50, wato ƙagaggun gajerun labarai, a kan Abu Zaid as-Saruji, ɗan damfara mai shigar burtu: yau mai wa'azi, gobe makaho, jibi mai ƙara gaban alƙali. Malamai suka yi ta karantar da littafin suna masa sharhi ƙarni bayan ƙarni. Ibnu Hajar al-Haitami, malamin fiƙihu, ma ya halatta sauraron labarin da aka tabbata ƙage ne, in dai buga misali da wa'azi aka nufa. Sharaɗin dai, kada ki rubuta "wannan ya faru da gaske" don jan masu karatu. Nan ne hadisin zai hau kanki.

Amma ni abin da ya tsaya mini carbin nan ne. Ranar da wani a dangi ya karanta ya ce "ai baffa wane ne", canjin suna bai tsinana komai ba. Abin da kika faɗa in yana da shi, giba ce. Abin da kika ƙara don labari ya yi armashi, kuma na san marubuci ba ya rasa ƙari, ƙage kika yi wa Musulmi. Ki cire carbin, ki cire rantsuwar, ki sauya dangantakar, har ya zama ko matarsa ba za ta gane shi ba.

Kada kuma ki zayyana dabarun cin gado dalla-dalla har mugu ya ɗauki darasi. Ba dole ba ne ki kashe mayaudarin a ƙarshe, amma kada ki ƙawata shi.

Sannan ina jin zafi a cikin wasiƙarki. In da gaske an ci dukiyar marayu, ki sanar da dattawan gida, in ya faskara a kai wa alƙali, faɗin hakan a can ba giba ba ce. Labarin kuma ki ajiye shi sai zuciyarki ta huce. Wallahu a'alam.