Amsa ga mai tambayar kai kaya Ngala da damina

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka raina ya ɓaci, wai oga ya matsa maka ka fitar da tirelolin abincin agaji zuwa Ngala a jihar Borno tsakiyar Agusta alhali takardar izinin sojoji ba ta fito ba. Kar ka motsa ko taya ɗaya sai ya rubuto maka a imel. Waya ba shaida ba ce.

Ni haka aka yi min. Oganmu yana zaune a Abuja cikin AC ya kira ya ce masu ba da kuɗi na jiran rahoto, lallai mu bi ayarin motocin da sojoji ke wa rakiya gobe. Na ce masa ruwa ya cinye hanya bayan Dikwa, laka ce baƙa mai riƙe mota, ya ce ai dama ku 'yan fili kun cika tsoro. Muka tafi, motar ta kafe har gindi, ayarin ba ya jiran kowa ya wuce, direba dattijo yana ta salati, tamfol ya yage, ruwa ya jiƙa buhunan dawa da wake har suka fara tsiro kafin a jawo mu. Da muka dawo Maiduguri mutumin nan ko sannu, sai takardar tuhuma, wai wa ya ba ni izini! A gaban kowa ya ce bai tuna mun yi magana ba. Har yau in na ga sunansa a waya gabana faɗuwa yake, kuma an ƙara masa girma fa.

Ka tuntuɓi mutanen INSO, ƙungiyar da ke ba ma'aikatan agaji bayanan tsaro, kan halin hanya, amma ka tambayi direbobin tashar Gamboru ma, su ke kwana a kanta. Ka duba tamfol da kanka, ka ɗauki hoton takardar kaya da kowane sa hannu. Kuma gaskiya tun Mayu ya kamata kayan nan su isa sito, kowa ya san damina na yanke garin Rann da ke gaba da Ngala sai jirgin saman UNHAS, sashen jigilar agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ka kuma duba kwantiraginka, akwai inshora? Tun harin da aka kai wa sansanin ma'aikatan agaji a Dikwa a Maris 2021 nake faɗa, mu 'yan ƙasa a kwantiragin wata uku ake barinmu, direbobin haya kuwa babu mai ko tambayar iyalansu.

In ka tura wa oga imel na neman umarnin a rubuce ya yi shiru, ka sake turawa ka sa jami'in tsaronku a kwafi.